Karnuka Uku, Gida Ɗaya: Yadda Wani Iyali a Kaduna Suka Dace da Karen da Zai Zauna da Yara

## Gidan da mutanensa

Gidan yana cikin sababbin unguwannin nan da suka tsiro a gefen garin Kaduna, inda za ka ga an gama gida ɗaya an tare, na kusa da shi kango ne, na gaba kuma fili ne da ciyawa ta rufe. Fuloti ɗaya ne, ƙafa hamsin da ɗari, kuma gini ya cinye fiye da rabi. Abin da ya rage shi ne tsakar gida mai daɓen siminti da wani lungu a baya inda akwai mangwaro. Katangar ƙafa bakwai ce, ba a sa mata waya ba.

Mutum bakwai ke kwana a ciki. Maigidan ma'aikaci ne a Abuja, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Uwargida malamar makaranta ce, ta fita bakwai na safe ta dawo bayan azahar. Yara huɗu ne: babban namiji mai shekara 13 a lokacin, mai bi masa mace mai 10, sai namiji mai 6, sai auta mai 3. Ta bakwai ita ce Hajiya, mahaifiyar maigidan, wadda ba ta zuwa ko'ina. Akwai kuma almajiri ɗan shekara 11 da ke zuwa safe da yamma, ya yi shara, ya kai bola, ya karɓi abinci.

Sun tare a tsakiyar 2021. Duk wanda ya zauna Kaduna a shekarar bai manta ba. A Maris aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, a Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield, barcin mutanen gefen gari ya koma rabi da rabi. A Satumba ɓarayi suka haura katangar gidan. Ƙananan ɓarayin unguwa ne, suka kwance baturan sola biyu da injin jan ruwa, suka fice babu wanda ya farka.

Daga nan maganar kare ta taso, kuma buƙata biyu ce ta haɗu. Maigida yana son karen da ganinsa kaɗai zai sa ɓarawo ya canza shawara. Babban yaro kuwa ya daɗe yana roƙon karen da zai riƙa wasa da shi. Aka ɗauka kare ɗaya zai biya duka biyun.

## Oktoba 2021: sharuɗɗan Hajiya

Hajiya ce ta fara cewa ba da ita ba. Sai maigida ya je wurin limamin unguwa bayan sallar isha'i. Malam ya kawo masa hadisin da ya ce wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kullum, ya kuma ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙata ta tabbata. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma mazubin da ya sa baki a ciki ana wanke shi sau bakwai.

Hajiya ta sauko, amma da sharaɗi huɗu. Kare ba zai taka falo ko ɗaki ba. Kwanonsa daban, soson wanke shi daban. Ba zai kusanci inda ake ajiye butoci da tabarmar salla ba. Wanda ya taɓa shi kuma sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Duk karnuka ukun da suka shigo gidan a kan waɗannan sharuɗɗa suka zauna.

## Nuwamba 2021: kare na farko

Wani abokin aikin maigida ya haɗa shi da mai sayar da karnuka ta WhatsApp. Aka turo hoton uban kwikwiyon, wani ƙaton Kokeshiyan mai gashi buzu-buzu a wuya, a tsaye ya kai ƙugun mutumin da ke riƙe da shi. Nan take maigida ya biya. Aka kawo ɗan kwikwiyo namiji mai mako tara da katin rigakafinsa na farko. Yara suka sa masa suna Zaki.

Asalin wannan kare tsaunukan Kokesus ne, wajen Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da kudancin Rasha. Makiyaya suka raine shi tsawon zamani don ya kwana da tumaki cikin dusar ƙanƙara, ya tare kyarkeci, ya yanke shawara da kansa ba tare da jiran umarni ba. Namijinsa idan ya cika, mafi ƙarancin nauyin da masu kiwonsa suka yarda da shi kilo 50 ne. Babu wanda ya yi wa gidan wannan bayani, su ma ba su nema ba.

Shawara biyu suka samu, kuma duka biyun wuri ɗaya suka nufa. Likitan dabbobi ya ce kada a fita da kwikwiyon titi sai ya gama allurarsa a mako na 16. Mai sayarwa kuma ya ce idan ana son ya yi zafi, a ɓoye shi kada ya saba da mutane. Sai aka kira mai walda ya haɗa keji mai rufin kwano a gefen get, aka lulluɓe gabansa da buhu. Daga mako na tara zuwa wata huɗu, Zaki bai san kowa ba sai mutanen gidan, su ma da yamma kawai. Almajiri yana shara yana jin motsinsa, amma ba su taɓa haɗa ido ba.

Wannan tsakanin kuwa, daga wajen mako uku zuwa mako 14, shi ne lokacin da kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka na yau da kullum da abin da zai ɗauka barazana. Abin da likitan ya hana shi ne fita titi da cuɗanya da karnukan da ba a yi wa allura ba. Bai hana baƙi su zauna a tsakar gida su shafa kwikwiyon ba.

Lokacin hunturu ne, gashinsa ya yi masa rana. Yana ci, yana girma, yara suna ɗaukar hoto da shi. A Disamba aka yi masa allurar haukan kare.

## Maris zuwa Afrilu 2022: zafi

Da bazara ta kama, Zaki yana wata bakwai, nauyinsa kilo 38. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumin tafin ƙafa. Wanda aka halitta da gashi hawa biyu kuma aka sa shi ƙarƙashin kwano a Afrilun Kaduna, hakin ba ya isarsa.

Wata rana cikin azumi, wajen ƙarfe uku, yarinya mai shekara 10 ta dawo daga Islamiyya ta leƙa kejin. Ta same shi kwance a gefe, harshe ya zubo ya yi jawur, yawu mai kauri yana dalala, kwanon ruwa a kife. Ta kira sunansa, ya ɗaga kai ya mayar. Uwargida ta kira likita, ya ce a jawo shi inuwa a yi ta kwarara masa ruwan randa a ciki da hammata, a kunna fanka, sannan a taho da shi. Ko da suka isa, ma'auni ya nuna digiri 41. Zafin jikin kare mai lafiya 38 ne zuwa 39 da ɗan ɗoriya. Ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa, ya tashi.

Gyaran farko da aka yi shi ne aski. Aka kira wanzamin unguwa da injinsa ya kwashe gashin tas. Bai yi amfani ba, don gashin sama shi ke tare rana. Fatar bayansa ta ƙone, ƙudaje suka dame shi. Gyara na biyu ya fi: aka mayar da kejin ƙarƙashin mangwaro, aka sa silin, aka gina kwanon ruwa da siminti yadda ba zai kife ba, babban yaro kuma ya koyi tsefe gashin ciki da matsefi idan ya tsiro. Zafin bai sake kayar da shi ba, amma daga Maris zuwa saukar damina kare ne da ba ya iya komai da rana.

Abinci ma ya zama magana. Ragowar tuwon gida ba ya kai masa ko'ina. Aka koma sayen na buhu, ana haɗawa da kan kaza da shinkafa.

## Yuni zuwa Oktoba 2022: mai horo

Da ya kai wata tara sai hali ya fara fitowa. Idan yana cin abinci aka matso, sai ya sandare ya yi gurnani. Fita da shi ta gagari babban yaro, don sau biyu yana jan sa ƙasa. Wata yamma da aka sake shi, ya rugo da murna ya bangaje auta, ta faɗi a kan siminti ta fasa leɓe. Ba da mugunta ya yi ba, amma daga ranar uwargida ta hana a sake shi sai yara sun shiga ɗaki.

Aka ɗauko mai horo, wani da aka ce ya taɓa aiki da karnukan jami'an tsaro. Ya yi mako shida yana zuwa da sarƙa mai shaƙe wuya da guntun tiyo. Idan Zaki ya yi gurnani sai ya fizge sarƙar ya zabga masa. A ƙarshe karen yana zama yana kwanciya idan mutumin ya ba da umarni, kuma ya daina gurnani a kan kwano. Maigida ya biya cike da gamsuwa. Sai dai umarnin mai horo kaɗai yake bi. Idan uwargida ce ko yaro, kallo ne nasu.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne: keji daga asuba zuwa goma na dare, sannan a sake shi ya kwana yana zagaya gida. Wanda ya roƙi abokin wasa ya koma mai kai abinci da kwashe kashi.

## Disamba 2022: cizo

Zaki yana wata 15, kilo 55. Wata safiyar Asabar ana sanyi, babban yaro ya makara bai mayar da shi keji ba. Maigida ya buɗe ƙaramar ƙofar get ya tafi masallaci, ya jawo ta bai sa sakata ba. Almajiri ya turo ƙofa da sallamarsa kamar kullum, robar abincinsa a hannu.

Hajiya tana kan tabarma a baranda tana lazimi, ita ta ga komai. Ta ce ba haushi, ba gurnani. Karen ya taso daga bayan mota, yaron ya juya zai gudu, ya cafke shi a sha-raɓa ya kayar. Ihunta ne ya fito da babban yaro, ya riƙo abin wuyan karen da hannu biyu yana kiran sunansa har ya saki. Haƙora huɗu sun huda, ɗaya ya yaga tsoka.

Wata maƙwabciya ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa tokar. Uwargida ta ce, "Yi haƙuri Iya, bari mu bi ta likita tukuna." Ta zaunar da yaron a bakin famfo ta yi ta wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, tana duba agogon waya, yana kuka tana ba shi haƙuri. Wannan wankin shi ne matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗauka a kan duk cizon kare, don yana rage ƙwayar cutar kafin ta kama jijiya.

A asibiti aka nemi katin karen. Allurar haukan kare ta shekara ta cika a watan, ba a kai ga sabuntawa ba. Likita bai tsaya jinkiri ba. Cutar haukan kare idan alamunta suka bayyana kusan babu mai tashi, tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara a duniya, akasari a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Aka yi wa yaron allurar tetanus, aka fara masa ta haukan kare a ranar, da rana ta uku, da ta bakwai. Akwai wata kuma da ake zagaye raunin da ita, mai tsada da wuyar samu, sai washegari aka samo. Ba a ɗinke raunin nan take ba, aka bar shi ana wankewa. Likitan dabbobi ya sa aka kulle Zaki kwana goma ana lura da cinsa da shansa da halinsa. Ya cika kwanakin lafiya lau, abin da ke nuna ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon.

Da aka gaya wa likitan dabbobin cewa karen bai yi ko gurnani ba, sai ya tambayi yadda aka hore shi. Da ya ji, ya ce, "Alhaji, gurnani gargaɗi ne. An doke shi har ya daina gargaɗin, amma abin da ke ransa yana nan."

Aka zauna a zauren mai unguwa da malamin almajirin. Maigida ya ɗauki duk kuɗin magani, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin fitar da karen. A Janairun 2023 wani mai gonar kaji a wajen Jos ya karɓe shi. Can akwai sanyi, akwai fili mai shinge, kuma mutum biyu ne kawai ke hulɗa da shi. Labarin da ake samu shi ne yana aikinsa yadda ake so.

## Maris 2023: kare na biyu

Babban yaro ya shiga intanet yana neman karen da ya fi dacewa da iyali. Ko'ina ya duba sunaye biyu ne a sama, Labrado da Golden Ritiriba. Akwai dalili. An raini kakanninsu a Birtaniya don su ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo su kawo ba tare da sun tauna ba, don haka aka yi ta zaɓar masu sanyin baki da son mutane. Labrado ya yi shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021, yana kan gaba a rajistar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka. Ya nuna wa babansa, ya ce, "Abba, wannan ba ya cizo."

A bakin wani titi a Abuja maigida ya ga masu sayar da kwiyakwiyai cikin keji, ya tsaya. Aka nuna masa wata baƙa aka ce Labrado ce, mako shida, an yi mata allura amma katin yana gida. Bai ga uwar ba. Ya saya ya taho da ita cikin kwali.

A rana ta huɗu ta ƙi abinci. A ta biyar ta fara amai, da dare zawo mai jini da wani irin ƙarni. Lokacin ƙarancin takardun naira ne bayan canjin kuɗi, tura kuɗi ta waya yana maƙalewa, maigida kuma yana Abuja. Aka yini ana ba ta ruwan gishiri da sukari da cokali tana mayarwa. Sai a rana ta bakwai aka kai ta. Gwaji ya nuna farbo.

Farbo ƙwayar cuta ce da ke cin hanjin kwikwiyo, ta bayyana a duniya a ƙarshen shekarun 1970. Babu maganin da ke kashe ta kai tsaye. Ƙarin ruwa ake yi da maganin amai da na ƙwayoyin cuta har jiki ya yi yaƙinsa. Wanda aka kai da wuri akasari yana tashi, wanda aka bari akasari ba ya kai labari. Takan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna, don haka likita ya fi zaton daga kejin bakin titi ta taho da ita. Ta mutu a rana ta tara.

Likita ya ce ƙwayar tana iya yin watanni, har shekara, a cikin ƙasa mai inuwa, kuma maganin goge ɗaki na yau da kullum ba ya kashe ta. Aka wanke siminti da keji da bilic, kashi ɗaya cikin talatin na ruwa, aka ƙone tsummokaran. Ƙasar gindin mangwaro kuwa ba ta wankuwa. Ya ce kada a sake kawo kwikwiyo gidan a wannan shekara.

## Afrilu zuwa Oktoba 2023: gida babu kare

A wannan tsakanin maigida ya sa waya mai reza a kan katanga, ya shiga karo-karon 'yan sintirin unguwa. Yaro bai haƙura ba, ya koma wurin likitan shi kaɗai yana tambayar wane iri ne na gaba. Likitan bai ba shi suna ba. Ya ba shi aikin gida: ya rubuta duk wanda ya shigo gidansu daga asuba zuwa isha'i har mako guda, ya tambayi mahaifiyarsa nawa za ta iya warewa a wata, ya kuma faɗi wanda zai fita da karen kullum idan shi yana makaranta.

Takardar da ya kawo ta ba kowa mamaki. Ɗan garuwa, almajiri, mai wanki da guga, malamin da ke yi wa yara darasi, 'yar talla mai ƙosai, matan maƙwabta masu zuwa gaida Hajiya, yaran da aka aiko aron turmi ko karɓar garwashi. Babu ranar da baƙi suka gaza goma, ranar Juma'a sun haura ashirin, kuma rabinsu yara ne.

Ƙanin uwargida yana da gona a wajen Zariya, yana da karnukan gida da ke bin awaki. A cikinsu akwai wata karya mai wata 14, ja, gajeren gashi, dogayen ƙafafu, wutsiya a naɗe. A tsakar gida ta tashi cikin yara da kaji. Likita ya ce babba ta fi kwikwiyo a wannan hali, don halinta ya riga ya fito ana gani, kuma idan ta kammala rigakafi farbon da ke ƙasa ba zai zama barazana sosai ba.

Ba a ɗauko ta nan take ba. Aka je aka gwada ta a inda take. Ƙanin ya sa hannu a kwanonta tana ci, ta matsa ta ba shi wuri. Wani baƙo ya yi sallama, ta yi haushi ta ja baya, da mai gidan ya amsa sai ta yi shiru ta je ta shinshina ƙafarsa. Yaro mai shekara takwas ya ruga a guje ta gabanta, ta bi shi da ido kawai. Aka yi mata allurar farbo da sauran cututtuka sau biyu, da ta haukan kare, da maganin tsutsar ciki, duk tana can.

## Nuwamba 2023 zuwa ƙarshen 2024: Barewa

Ta iso da nauyin kilo 17. Saboda ƙafafun nan yara suka kira ta Barewa. Kwana biyun farko a ƙarƙashin mota ta yi su, ba ci sai ruwa. Likita ya ce a ƙyale ta, kada a jawo ta. A rana ta uku ta fito da kanta ta kwanta nesa kaɗan da inda yarinya ke wanke-wanke.

Horon wannan karo yaran ne suka yi, minti goma bayan la'asar, da gutsattsarin ƙuli-ƙuli marar yaji a aljihu. Kalma huɗu aka koya mata: zo, zauna, bari, ɗaki. Ta yi daidai a ba ta, ta kuskure a sake. Masu shigowa kullum kuma aka gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaure da igiya, kowa ya jefa mata ɗan ƙuli. Almajirin da aka ciza ya ce shi daga bakin get zai tsaya, aka bar shi a kan haka. Ya fi wata biyu kafin ya yarda ya shigo tana sake.

Ba a rasa matsala ba. A mako na uku ta taka tarin bulon da ke jingine da katangar baya ta bi ta inda waya ba ta kai ba, sai da magariba ta dawo da ƙaya a kunne. Aka kwashe bulon, aka fara fita da ita da igiya safe da yamma, ta daina. A Fabrairun 2024 ta shiga lokacin barbara, karnukan unguwa suka yi sansani a ƙofar gida suna faɗa har asuba, Hajiya ta ce ko a san abin yi ko a mayar da ita. A Afrilu aka yi mata aikin cire mahaifa.

Damina ta zo da kaska. Wani ya ba da shawarar a fesa mata fiya-fiya, likita ya ce ko kusa, guba ce da ke shiga ta fata. A Agusta ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, gwajin jini ya nuna zazzaɓin kaska. Ta sha doksisaikilin kwana 28 ta warke, aka koma ba ta maganin kaska a kan lokaci, ana kuma duba kunnuwa da tsakanin yatsu duk Juma'a.

Abincinta tuwo ne ko shinkafa da kan kifi dafaffe, wani lokaci ƙwai, da ɗan na buhu. Miya ce ba a zuba mata, don albasa tana lalata jinin kare, ba a kuma ba ta ƙashin kaza dafaffe saboda yana tsagewa ya soki hanji. Uwargida ta ce abin da take kashewa a kanta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Zaki ba.

Da Babbar Salla a Yunin 2024 aka ɗaure rago kwana uku a tsakar gida, ba ta ko kula shi ba. A wani dare cikin Satumba, wajen ƙarfe biyu, ta yi ta haushi a lungun baya ba ƙaƙƙautawa har uwargida ta kunna fitilun waje ta kira 'yan sintiri. Da safe aka ga sawun takalmi a bayan katanga. Daga zuwanta har ƙarshen 2024 ba ta ciji kowa ba, ba a kuma sake shiga gidan ba.

## Abin da lamarin ya nuna

Zaki ba mugun kare ba ne. Abin da aka raini kakanninsa su yi shi ya yi, kuma da aka kai shi inda ake buƙatar hakan ya zauna lafiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuskuren yana cikin haɗa shi da gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa. Takardar da yaron ya rubuta ita ce ta fi komai bayyana matsalar, kuma da an rubuta ta a 2021 da ba a sayi Kokeshiyan ba. Jerin karnukan iyali da ake gani a intanet an tsara shi ne don gidan da baƙo ba ya zuwa sai da alkawari. Gidan da ake sallama sau ashirin a yini yana buƙatar karen da zai sanar cewa ga wani nan, ya bar wa masu gida hukunci. A kan wannan rashin dacewa aka ɗora ɓoye shi a watannin da ya kamata ya saba da mutane, sannan aka ɗora duka.

Kwikwiyo ta biyu ba ta gaya mana komai game da Labrado ba, don ba a ma tabbatar Labrado ce ba. Darasinta na saye ne: an raba ta da uwa kafin mako takwas, babu kati, ba a ga inda aka haife ta ba, aka kuma yi jinkirin kwana biyu. A ganina Labrado da Golden sun cancanci sunan da suka yi wajen haƙuri da yara, kuma gidan da ke da inuwa da kuɗin abinci da mai fita da su kullum zai ji daɗinsu. Sai dai yawancinsu da murna suke tarbar baƙo, wanda bai biya buƙatar maigidan nan ba, Golden kuma gashinsa kaya ne a bazara. Alseshiyan, wato karen makiyayan Jamus, yana iya haɗa gadi da zama da iyali, amma a hannun wanda ke gida yake da lokacin horo. Manyan karnukan gadi irin Rotwaila da Bowabul ƙarfinsu ya wuce a bar wa ɗan shekara 13. Masu gajeren hanci irin Fug da Buldog na Faransa numfashi ke ba su wahala ko a ƙasar sanyi, balle a nan.

Kada kuma a ɗauka duk karen gida Barewa ne. Wanda ya tashi a bola ana jifansa yakan zama matsoraci, kuma matsoracin kare yana cizo. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, a kan karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa iri yana bayyana kusan kashi tara cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Iri yana faɗa maka girman da kare zai kai, da gashinsa, da abin da zai ci, da irin ɓarnar da zai yi idan ya kuskure, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Halin wannan karen da ke gabanka kuwa sai ka je ka gani. Barewa ta yi nasara ne don jikinta na ƙasar nan ne, ta tashi cikin yara da dabbobi, an gwada ta kafin a ɗauko, kuma nauyinta bai fi ƙarfin yarinya mai riƙe da igiya ba. Sharuɗɗan Hajiya ma sun taimaka, don kare yana samun natsuwa idan iyakarsa ba ta canzawa.

Daren Satumba ba hujja ba ce cewa ita ta hana sata, tunda akwai waya da 'yan sintiri a lokacin. Abin da za a iya cewa shi ne ta tashi mutanen gida, wanda a 2021 babu abin da ya tashe su. Masu bindiga kuwa babu karen da zai tare su, ko mai kilo 17 ko mai 55.

Saura matsala ɗaya da gidan bai gama warwarewa ba. Babban yaro yana shirin tafiya jami'a, kuma shi ke fita da ita da asuba. Ƙanwarsa ta karɓi fitar yamma da duba kaska, amma uwargida ba ta yarda ta fita ita kaɗai da duhu ba, don haka ana maganar mayar da fitar safe zuwa bayan an taso daga makaranta, in ban da watannin bazara.